Ƙafar Hafiza ta Hagu

Ni ne Bappa Direba, wanda duk tsohon ɗan tasha a Bauchi ya sani. Shekarata saba'in da huɗu, kuma har yau ba a taɓa ba ni abinci a baki ba. Sau uku mota tana kifewa da ni. A hanyar Jos har an lulluɓe ni da zane an jera ni da gawawwaki, na yi atishawa na tashi, mutane suka watse. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, harafin da nake rubutu da shi a jikin manyan motoci na tsince shi, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce. Ban ɗauki biro don in ba ku labarina ba, ko da yake ya isa a ji. Abin da aka yi wa wata yarinya a gidan da nake haya a Fadaman Mada shi ne ya hana ni sakat.

Sunanta Hafiza, matar Usama tela. Uwar Usama, Hajja Dada, ita ke da gidan, kuma fura take yi ta sayarwa, kwano-kwano ake zuwa ɗauka tun hantsi. Ni ɗakina yana jikin zaure, tagata tana kallon tsakar gida. Kakan Hafiza abokina ne, tare muka yi tuƙi kafin ya koma Misau ya rasu, saboda haka jikata ce. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho mai ran ƙarfe.

Cikinta na fari yana wata takwas ciwon ya kama ta. Ranar na gan ta a bakin turmi tana kirɓin fura, ta ɗaga taɓarya sama, sai ta tsaya cak kamar an kira sunanta. Ta sauke taɓaryar a hankali, ta dafa ƙugu.

Na leƙo ta taga na ce, "Amarya, ko ƙarfin ya ƙare ne in zo in karɓa?"

Ta yi murmushin dole. "Kai da ko cokali sai ka huta kake ɗagawa? Kaka, wani abu ne yake tsarga mini daga nan baya, ya bi cinya ya sauka har tafin ƙafa. Kamar an zura mini waya mai zafi."

Hajja tana zaune a inuwa tana cura fura, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Nauyin ciki ne. Yi ki gama, masu kwano sun fara zuwa."

A haka aka kwana bakwai. Zama ya gagare ta sai a gefe ɗaya. In ta yi tari sai ta kama bango. In za ta tashi daga tabarma sai ta fara durƙusawa kamar raƙumi, ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta ciji leɓe. Duk da haka ita ke surfe, ita ke kirɓi, ita ke ɗaukar bokiti daga famfo. Uwarta ta bugo waya daga Misau ta ce lokacin goyon ciki ya yi, a turo ta gida. Na ji Hajja tana amsawa da fara'a: "Ai tana nan garau, sai ci sai barci. Bari a yi Sallah, in ya shiga wata tara da kaina zan kawo ta." Da ta ajiye wayar ta ce da Hafiza, "Kar in ji kin tayar wa mutane hankali. Mace da cikin fari tana ta kiran ciwo ciwo a gaban surukai, ina kunya? Ni na haifi Usama a bayan garke, na yanke cibiya da kaina, da yamma na tatsi nono."

Wannan magana ta bayan garke, in na ji ta sau ɗaya na ji ta sau ɗari. Ni ma na sha wuya, na fi Hajja sha, amma ban taɓa ɗaukar wuyata na maka wa wani a ka ba.

Akwai maƙwabciyarmu Sista Eunice, tana aiki a ɗakin awo. Ta shigo sayen fura ta ga yadda Hafiza take tafiya a karkace, ta ajiye kwanonta ta ja ta ɗaki. Da suka fito ta rubuta takarda ta miƙa wa Hajja.

"Mama, jijiya ce ake dannewa a ƙasan baya. Yana faruwa ga masu ciki, kuma yawanci yana wucewa bayan haihuwa. Amma ta daina daka, ta daina ɗaukar ruwa, a kai ta sashen gashin ƙashi su duba ta. In kuwa kuka ga ƙafar ta fara mutuwa, ko fitsari ya fara ƙwace mata, ko ya ƙi fita, kar a kwana. Ko da tuwo a wuta a bar shi."

Hajja ta yi godiya har da ƙarin fura. Sista na fita Hajja ta naɗe takardar ta soke ta a bayan madubi.

Washegari sai ga Hajja a ƙofar ɗakina. Dole in gaya muku wani abu a nan: ni da ƙafa na fito duniya, ba da kai ba, kuma a wajen mutanenmu wanda aka haifa haka in ya taka bayan mai ciwon baya ana dacewa. Ƙafata ta dama ta taka bayan direbobi da 'yan dako da ba su ƙirguwa, har wani babban ɗan sanda ya taɓa kwanta mini a tabarma.

"Malam Bappa, ashe magani na gida muke ta wahala. Zo ka taka mata sau uku a huta."

"Wa zan taka?"

"Hafiza mana."

"Hajja, wanda nake takawa rub da ciki yake kwanciya. Ita a kan me za ta kwanta? A kan ɗan?"

"Sai a tona rami a tsakar gida a sa cikin a ciki. An yi wa wata haka a rugarmu."

Na ce, "Ƙafata ba ta taɓa hawa mai ciki ba, kuma ba za ta fara da jikata ba. Ku bi takardar Sista."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ka dai ce ƙafar ta daina ci. Tsufa ba ƙarya ba ne."

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na ja ƙofata na ce su ƙarata. Wannan fushin nawa yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa.

Usama ba mugun yaro ba ne a fuska. Mai sanyin magana ne, kullum tsinken allura a baki, waya a hannu. A wayar nan ya ga bidiyon wasu Turawa likitocin ƙashin baya: a kwantar da mutum, a murɗe shi, baya ya ce ƙas, mutum ya tashi yana dariya. Ya kawo mini har ɗaki yana nuna mini.

"Baba, ka ga aikin zamani. Ba taka mutum ba. Na kalli fiye da talatin, na gane yadda ake yi."

Na ce, "Ni na kalli jirgin sama fiye da dubu, ka ga na tuƙa?"

Ya yi dariya ya shige ciki.

Da safe kafin ya tafi shago ya shimfiɗa tabarma a barandar ɗakinsu. Ina kallo ta taga. Ya kwantar da ita a gefe, ya jingina wayar a jikin buta yana kallo yana kwaikwayo. Hannu ɗaya a kafaɗarta, gwiwarsa a kan cinyarta.

"Yaya, a hankali, cikin."

"Saki jikinki kawai."

Ya murɗa. Bayan ya ce ƙas, har ni na ji. Ta yi ƙara, sannan ta tashi zaune tana lumshe ido. Ta ce kamar ciwon ya ɗan sake ta. Hajja ta rangaɗa guɗa.

"Ɗana likita! Ina masu takarda? Ina masu ƙafa?"

Sauƙin bai kai la'asar ba. Ciwon ya dawo har ya fi na da. Usama ya ce ai a bidiyo ma sai an maimaita. Ya yi washegari, ya yi jibi. Shi a ganinsa ƙarar nan ita ce maganin: in baya ya ce ƙas ciwo ya fita, in bai ce ba aiki bai yi ba.

Sista Eunice ta ji labari ta tare shi a zaure, ina zaune.

"Usama, mutanen da kake gani a waya shekaru suka yi suna karatun abin nan. Kuma wanda ya san aikinsa ba ya taɓa mai ciki sai ya bincike ta, ya tambayi likitanta, ya tokare ta da matasai, ya bi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Wata ma ba zai taɓa ta ba sam, asibiti zai tura ta. Kai me ka bincika?"

"Sista, matata ce fa. Zan cuce ta ne?"

"Ban ce kana so ba."

"To ai shi ke nan."

Rana ta huɗu bayan nata ya ƙi yin ƙara. Ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru. Hafiza tana kuka tana cewa, "Yaya ka bari, don Allah ka bari, na yafe." Hajja tana tsaye da ludayi a hannu tana cewa, "Ƙanƙame jiki take yi, raguwa. Danna da kyau." Ya gyara tsayuwa ya saki nauyinsa gaba ɗaya. Ihun da ta yi, na ji irinsa sau ɗaya tak a rayuwata, ranar da tayar tirela ta hau ƙafar wani makanike a tasha. Na fito ba hula. Kafin in kai baranda ta yi shiru, tana kwance tana kallon rufi, hawaye na bin kunnenta.

"Amarya?"

"Kaka, ya daina."

"Me ya daina?"

"Ciwon. Ba na jin sa."

Usama ya share zufa yana murmushi. Hajja ta ce alhamdulillahi, yau ta kirɓa ko rabin turmi ne, jiki ya saba. Ni kaina na koma ɗaki ina cewa wataƙila yaron nan ya dace. Ku ji fa, ni da na kwanta wata biyar a ɗakin masu karaya.

Da azahar ta tashi daga famfo za ta koma ɗaki, silifarta ta hagu ta zame ta tsaya a baya. Ta ci gaba da tafiya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, a kan ƙasar da rana ta gasa tun safe. Ba ta waiwaya ba.

Na ce, "Amarya, kin bar wa wa takalmi?"

Ta duba ƙasa. Ta daɗe tana kallon ƙafar kamar ta wani ce aka ajiye mata.

Washegari na lura tana ta wanke zane. Ta shanya ɗaya, kafin ya bushe ta wanke wani. Ta daina zama a tabarmar Hajja, sai can gefen rariya a kan kujera 'yar tsugunno. Da Hajja ta shiga wanka na kira ta bakin taga.

"Gaya mini gaskiya, ni kakanki ne."

Ta sunkuyar da kai, muryarta da ƙyar take fita. "Ba na sanin lokacin da yake zubowa, Kaka. Sai dai in ga lema. Kuma inda nake zama duk ya mutu, ko na tsunkule ba na ji."

Lokacin da nake kwance a asibiti bayan haɗarin Jos, akwai wani mai gado kusa da nawa, ƙato, mai ɗaukar buhu biyu. Shi ma murna ya yi ranar da ciwon bayansa ya daina, kwana biyu ya fara jiƙa katifa. Ni na fita da ƙafafuna, shi a keken guragu aka fitar da shi.

Na sami Hajja na gaya mata. Ta taɓe baki.

"Kai Malam Bappa, namiji da leƙen zanen mata? Wace mai ciki ce fitsari ba ya ƙwace mata? Ɗa ne ya zauna a mara. Ƙazanta ce kawai da son jiki, ta ga an daina lallashinta."

"Sista ta ce kar a kwana."

"Sista ta haifi nawa?"

Sista Eunice kuwa ta tafi garinsu biki, sai jibi za ta dawo. Na jira Usama. Sallar layya saura kwana shida, ɗinki ya yi masa yawa, a shago yake kwana. Na kira wayarsa sau biyar bai ɗauka ba. Da ya ɗauka ya ce, "Baba, ai ciwon ya tafi, ita da bakinta ta faɗa. Saura kasala. Bayan Sallah in sha Allahu."

Rana ta uku da zamewar silifar nan Hafiza ta faɗi a bakin turmi. Ba santsi, ba tuntuɓe, ƙafar ce kawai ta lanƙwashe. Allah ya sa ta gefe ta faɗi. Na ɗaga ta, ni tsoho, na ce ta sa mayafi mu tafi yanzu.

"Bai ba ni izini ba, Kaka."

"Izinin me? Ƙafarki ce ke tafiya!"

"In na fita ba da saninsa ba, Hajja ta ce kar in dawo. Da cikin nan ina za ni?" Ta riƙe hannuna da hannu biyu. "Ka roƙar mini shi. Ina jin tsoro. Ta dama ma ta fara yi mini nauyi."

Na kwana da maganar nan. Da gari ya waye, rana ta huɗu ke nan, na sa hulata na ɗauki sandata na hau keke napep zuwa kasuwar Wunti. Shagonsu teloli shida ne a jere, kowa kansa a sunkuye, shadda ta cika ko'ina. Suna ganina suka fara.

"A'a, Baba Bappa mai tashi daga matattu! Ɗinkin angonci aka kawo?"

"Likkafani dai, wancan na Jos ya tsufa!"

Ban kula su ba. Na wuce har gaban keken ɗinkin Usama, na ga wata farar shadda mai tsada a shimfiɗe ya gama yankawa, na juya na zauna daram a kanta.

"Baba! Ta Alhaji ce, yau zai karɓa!"

"Sai ya karɓa da ni a kai."

"Don girman Allah tashi, ka taho da ƙura."

"Matarka tana fitsari a tsaye ba ta sani ba. Ƙafarta ɗaya ta mutu, ɗayar tana bi. Kai ka yi mata da gwiwarka, ina kallo."

Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Usama ya zare tsinken daga bakinsa, idonsa ya kaɗa.

"Baba, wannan maganar gida ce."

"Kwana huɗu maganar tana gida, ba wanda ya ji ta. Yanzu ta fito kasuwa."

"Ni taimakonta na yi. Wa ya kai ni son ta samu sauƙi? Kuma Hajja ta ce duk mai ciki..."

"Hajja ce ta aure ta?"

Wani dattijon tela daga can ƙarshe ya cire tabarau ya ce, "Kai Usama, ka ji tsoron Allah. Tashi ka tafi, ni zan haɗa rigar."

Bai tashi ba. Ya kalli shaddar da nake kai, ya kalli tarin da ke bayansa. Ya ce, "To a kai ta. Zan biyo ku in na rage."

Abin da na zo nema ke nan. Na sa shi ya faɗa a waya Hafiza ta ji da kunnenta, sannan na sauka daga kan rigar Alhaji.

Na tarar Sista Eunice ta dawo ko jaka ba ta ajiye ba. Ta shiga ta tsikari ƙafar Hafiza da allura tun daga yatsu har cinya, yarinya tana kallonta kawai. Sista ta ɗago, ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Yaushe ya fara?"

"Yau kwana huɗu."

"Yesu! Mama, me na gaya miki?"

Hajja ta tsaya a bakin zaure ta riƙe ƙugu. "Yanzu a gaban unguwa za a fitar da ita ɗauke kamar gawa? Mutane su ce me muka yi mata? Ku bari rana ta yi sanyi mana."

Na ce, "Hajja, matsa. Na tuƙa tirela ba burki daga saman tudu har ƙasa, ba ke za ki tare ni ba."

Ni da Sista da mai keke muka ɗauko ta. A hanya duk ramin da muka faɗa ina jin sa a haƙorina, ita kuwa ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Hannunta a kan ciki, tana ta cewa, "Yana motsi, Kaka. Shi dai yana motsi."

A babban asibiti ba su ɓata lokaci ba. Suka ɗauki hoton bayan, likita ya fito ya ce ina mijinta. Na ce yana ɗinkin Sallah. Ya dube ni, sannan ya yi mini bayani yadda zan gane: wani abu mai kamar guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya fito ya danne jijiyoyin da ke riƙe ƙafa da fitsari. Dole a ciro ɗan da tiyata, sannan a buɗe bayan.

Na ce, "Likita, za ta taka?"

Ya ce, "Baba, ba zan rantse maka cewa murɗawar ce kaɗai ta jawo ba, wataƙila abin ya riga ya fara. Amma irin wannan awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Da ranar da takalmin ya faɗi kuka zo, da na ba ka amsa mai daɗi."

Usama ya iso da la'asar, da zare a jikin rigarsa, ya sa hannu a takarda yana kuka. Aka ciro 'ya mace, ƙarama amma da ranta da ƙarfin kuka. Aka yi aikin baya. Sallah ta zo ta wuce muna zaune a benci.

Wata biyu ta yi tsakanin gado da ɗakin gashin ƙashi. Ƙafar dama ta dawo. Ta hagu daga idon sawu zuwa ƙasa ba ta ɗaguwa, kuma har yau da robar fitsari take kwana take tashi. Shekararta ashirin da ɗaya. Likita ya ce a ci gaba da gashi, Allah na iya komai, amma bai kalli idona ba da yake faɗa.

Ku zo ku ji abin da ake cewa a gidanmu. Masu zuwa barka Hajja tana gaya musu, "Lafiya lau ta shiga asibitin nan, ciwon ma ya riga ya warke. Suka tsaga ta gaba da baya, ga abin da suka bar mana." In an matsa sai ta ce ƙaddara ce, wa ya isa ya tsallake. Usama kuwa cewa yake niyyarsa alheri ce, Allah kuma niyya yake dubawa. Ya goge bidiyoyin daga wayarsa, a ganinsa magana ta ƙare.

Ni ban yi karatu ba, amma na san ƙaddara. Ƙaddara ce ta kifar da ni a hanyar Jos ina tafiyata daidai. Wanda ya ga ja a allon mota ya ci gaba da taka wuta kwana huɗu, in inji ya buga kar ya kira sunan Allah a kai. Ku iyayen miji da kuka haihu a bayan garke, Allah ya ba ku lada, amma wuyar da kuka sha ba gado ba ce da za ku raba wa 'ya'yan mutane. Ku kuma samari, bayan mace mai ciki ba wuyan riga ba ne da in ya karkace za a farke a sake. In kuna son a gyara, ku kai wa wanda ya koya, shi ma ku tambaye shi ko ya taɓa yi wa mai ciki. In ta ce ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙwace, ku ajiye abin da ke hannunku. Ni na ɓata kwanaki ina fushi da jiran izini, kuma ina ganin kwanakin nan a ƙafarta kullum.

Ranar da mahaifinta ya zo daga Misau ɗaukarta, an yi ruwa da asuba, tsakar gida ta yi laushi. Mutum ne mai haƙuri, ya zauna a tabarma kansa a ƙasa, Hajja tana ta zuba.

"Wallahi Malam, 'yarka zurfin ciki gare ta. Da ta buɗe baki ta gaya mana abin ya kai haka, ai da ko a kai ne mun ɗauke ta."

Labulen ɗaki ya motsa. Hafiza ta fito, sanda a hannun dama, ɗayan hannun a jikin ƙofa. Sista Eunice na bayanta da jaririya. Tunda aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Hajja ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Na faɗa, Hajja. Na faɗa a bakin turmi, kika ce in yi in gama. Na faɗa a kan tabarma, kika ce ya danna da kyau. Baba, na faɗa."

Usama ya taso da sauri ya miƙa hannu zai riƙe ta.

"Bari, Yaya. Ka taɓa ya isa."

Daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure taku goma sha biyu ne ga mai lafiya. Ta kafa sanda, ta jefa ta dama, ta ja ta hagu. Ta kafa, ta jefa, ta ja. Sau biyu tana tangaɗi, mahaifinta ya yunƙura, na riƙe masa riga. Zufa ta jiƙa mata mayafi. Da ta iso inda nake ta tsaya tana haki.

"Tsoho mai ran ƙarfe, ka ga na zo."

Na matsa gefe na ba ta hanya.

Bayan an sa ta a mota na dawo ciki. Yatsun ƙafarta sun ja layi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, dogo, a karkace, tun daga ƙofar ɗaki har zaure. Motar ko tashi ba ta yi ba Hajja ta ɗauko tsintsiya ta bi shi ta share, ta ce masu kwano sun kusa zuwa.